Godiya Ga Matasan Titin Gidan Zoo Da Suka Gyara Mana Ciniki Ta Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ƙaramin kamfanin nan na gina shafukan intanet da talla ta waya da ke titin Gidan Zoo a Kano. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in yi muku wannan godiya a bainar jama'a, ko 'yan uwana 'yan kasuwa za su amfana.

Ni mai sayar da shadda da atamfa da leshi ne a Kantin Kwari. Tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa ta OPay da Moniepoint, rabin harkarmu ta koma cikin waya. Da na zo wurinku, buƙatata ita ce a yi wa shagona manhaja irin wadda ake saukewa daga Play Store, kuma da kuɗina a hannu. Kuka ce in dakata tukuna. Hujjarku ita ce matar da ke sayen atamfa a sallah ko lokacin haɗa lefe ba za ta goge hotunan 'ya'yanta don ta sama wa manhajar shago ɗaya wuri ba, kuma manhaja kullum tana son gyara da sabuntawa. Kuka ba ni shawarar shafi mai sauƙi da WhatsApp Business, aikin da kuɗinsa bai kai na manhajar ba. Samun mai sana'ar da zai rage wa kansa ciniki don ya faɗa maka gaskiya sai an tona.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuka gwada tsohon shafinmu. Maimakon babbar kwamfutarku, ɗaya daga cikinku ya karɓi Itel ɗin yaron shagona, allonta ma a tsage, ya tsaya a cikin layinmu inda sabis ke wahala, ya buɗe shafin. Muna tsaye muna kallon farin allo, hoton shadda na saukowa kaɗan-kaɗan daga sama. Sannan ya sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin buɗewar shafi na Google, maki ya fito ja, wato ƙasa da 50 cikin 100. Ya bayyana mini cewa Google na son babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma binciken da Google ɗin ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na masu shiga ta waya suna ficewa idan shafi ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Wannan na gane shi nan take, domin mai sayen da ya leƙo rumfa bai ga kowa ba, ta maƙwabci yake faɗawa. Ashe hotunan ne suka yi nauyi, an ɗora su yadda kyamara ta ɗauke su. Kuka rage musu nauyi zuwa tsarin WebP, wani nau'in hoto mara nauyi, ba tare da launin kaya ya sauya ba, wanda a sana'armu shi ne komai, domin idan mai ruwan toka ya fito kamar mai ruwan ƙasa, sai an dawo maka da kaya. Ga shi kuma tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa lissafin megabait ɗinsa yake yi.

Sai maganar awo. Kun haɗa mana Google Analytics 4, mai ƙirga masu shiga shafi, kuka yi wa kowane adireshin da muke yaɗawa alama tasa, ta yadda za a san wanda ya zo daga Instagram da wanda ya zo daga sitatus na WhatsApp ko tallan Facebook. Da sakamako ya fara taruwa, sai ga shi Instagram, inda muke da tarin mabiya da yabo, masu kallo yake kawowa, masu biyan kuɗi kuwa galibi daga sitatus suke. Mun kuma ga an fi shigowa bayan sallar isha'i, muka mayar da ɗora sabbin kaya zuwa lokacin. Ban da Kano da Kaduna da Abuja, har daga Nijar da Kamaru ake buɗe shafin, abin da bai ba ni mamaki ba tunda mutanen Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna sari a Kwari, amma shi ya sa muka fara rubuta bayanin aika kaya ta tasha.

Kun kuma gano inda mutane ke tsayawa. Mace za ta zaɓi turmi uku, ta zo wurin biya, sai a tambaye ta imel da kalmar sirri, ta fasa. Kuka cire wannan, kuka sa koren maɓalli mai kai ta kai tsaye WhatsApp da sunan kayan a rubuce. Mutanenmu suna son su gaisa, su taya, a ce musu albarka, kafin su saki kuɗi, kuma kun gina abin a kan haka.

Akwai wani abu da kuka ƙi yi, kuma na gode da kuka ƙi. Masu tallata jerin lambobin waya na sayarwa sun sha zuwa mana. Kuka ce kada mu taɓa, saboda dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma saƙon da ba a nema ba ƙarshensa a toshe lambar shago ne. Kuka nuna mana cewa jerin aika saƙo na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne zai samu. Yanzu duk wanda ya saya, yaro kan roƙe shi ya ajiye lambarmu in yana son ganin sabon kaya.

Ina godiya ta musamman ga ma'aikaciyarku, 'yata da ke turo mini rahoton mako da murya cikin Hausa tsantsa, tana faɗin mutum nawa suka shigo, nawa suka yi magana, nawa suka biya. Da zane-zanen Turanci kawai take turowa, da ban taɓa buɗewa ba. Allah ya yi miki albarka.

Roƙona ɗaya ne. Kafin watan azumi, lokacin da cinikin kayan sallah ke kankama, ku ware rana ku shigo Kwari ku zauna da yaran shaguna. Na yi magana da maƙwabtana na layi, mun ɗauki nauyin wuri da abinci.

Allah ya saka muku da alheri, ya buɗa muku kasuwa, ya ji ƙan mahaifa.

Naku,
Wani ɗan kasuwa,
Kantin Kwari, Kano.