Wasiƙa daga Jidda a kan kukan fankar kwamfuta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Mu nan Jidda sai godiya, in ban da zafi da gumi. Ka dai san garin, iskar teku tana jiƙa riga tun kafin mutum ya kai bakin titi. A garin nan ne zafi ya taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010, kuma har yau in bazara ta kankama sai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana yana aiki.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, kuma wallahi kafin ka fara bayani na riga na ji matsalar, don gurnanin kwamfutarka ya kusa danne muryarka. Na yi dariya ni kaɗai, domin watanni biyu da suka wuce tawa haka take. Kai ne ma ka jawo min, tunda kai ka koya min raba faifai gida biyu, Windows a gefe guda, Linux a ɗayan.

Da rana ina aikin lissafin ofis a Windows, tana shiru kamar ba ta ɗakin. Bayan Isha in na koma Ubuntu, wato Linux ɗin da nake amfani da shi, don karatuna, sai ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Maiɗakina ta yi haƙuri mako guda, rannan da jaririyar ta farka sau uku a dare ɗaya sai ta ce ko dai kwamfutar ta koma falo ko ni da ita mu koma tare.

Da farko Linux na ɗora wa laifi, na kama hanya mafi tsawo. Na saka lm-sensors, manhajar duba zafin kwamfuta a Linux, na kunna sensors-detect da ke cikinta, na yi ta amsa tambayoyinsa har ya gano ɗan guntun da ke auna zafi da gudun fanka a madabod, babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kansa. Irin waɗannan yawanci na Nuvoton ne ko na ITE, direbansu nct6775 ko it87. Daga nan na shiga pwmconfig, wanda yake tsayar da fankoki ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci don ya gane wace waya ke juya wace. Ranar na ji gabana ya faɗi da na ga fankar furosesa ta tsaya cak. Ana auna ƙarfin gudun daga 0 zuwa 255, sai fancontrol, mai sarrafa gudun fankokin, ya riƙa bin abin da ka rubuta masa. Fankar furosesa ta yi biyayya. Biyun da ke jikin akwati kuwa ko gezau, 255 ko 80 duk ɗaya ne a wurinsu. Bayan kwana huɗu kuma na kunna kwamfutar, lambobin hwmon, waɗanda Linux ke gane ma'aunan da su, suka sauya wuri, fancontrol ya ƙi tashi gaba ɗaya.

Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kwance murfin akwatin, na haska da fitilar waya. A rashin sani kaza ta kwana a kan dami. Fankar furosesa wayoyinta huɗu, na akwatin kuwa uku-uku. Ga bambancin, ka karanta a hankali don ina zargin taka ma nan ta makale. A mai waya uku, ɗaya ta ƙasa ce, ɗaya tana kawo wuta bolt 12, ta ukun tana kai rahoton gudu. Ba yadda za a rage mata gudu sai an rage wutar kanta, shi ne tsarin da ake kira DC. Mai waya huɗu tana karɓar bolt 12 ɗinta cif a kowane lokaci, waya ta huɗun ce ke aika mata umarni, shi ne PWM. To in ka soka mai waya uku a gurbin da aka saita a kan PWM, umarnin yana fita amma ba wayar da za ta ɗauke shi, sai fankar ta yi ta gudu iya ƙarfinta dare da rana. Tawa haka take tun ranar da aka haɗa ta. Manhajar da ta zo da madabod ce ke rufa asiri a Windows, tana karɓe ragamar da zarar an shiga. Da na koma Linux babu ita, sai abin ya koma yadda BIOS, manhajar da ke cikin madabod mai tayar da kwamfuta, ta bar shi.

Maganin bai ci minti goma ba. Ina kunnawa na yi ta danna Delete (a wasu F2 ne) har BIOS ta buɗe. Kowane kamfani da sunan da yake ba shafin: ASUS na cewa Q-Fan, Gigabyte na cewa Smart Fan, MSI kuma Hardware Monitor. Na mayar da gurbin fankokin akwati zuwa DC, na bar na furosesa a PWM. Sannan na ja layin gudu: kashi 30 cikin ɗari har zafi ya kai digiri 45, rabi a 60, cikakken gudu a 80. Na akwatin ban bari su sauka ƙasa da rabi ba, saboda fankar DC in wuta ta yi mata kaɗan takan tsaya ko ta ƙi tashi. Akwai kuma wurin jinkirta hawa da saukar gudu da 'yan daƙiƙoƙi, kada ka tsallake shi. Ni wannan tashi-sauka, tashi-sauka ya fi ci min rai a kan ƙara mai ɗorewa. Daga nan na cire manhajar madabod ɗin daga Windows, na kashe fancontrol, don ban ga amfanin direba uku a mota ɗaya ba. BIOS tana tashi kafin GRUB, shafin zaɓen Windows ko Linux, ya tambaye ka inda za ka, saboda haka duk gidan da ka shiga, saitin yana nan.

Katin hoto dai, wato wanda ke fitar da hoto a allon kwamfuta, ba ya cikin wannan lissafi, da nasa tsarin yake tafiya, kuma na zamani da yawa fankarsu kan tsaya in ba aiki.

Kada ka rage gudu kafin ka share ƙura. Abin da na tarar tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa ya yi kama da bargo. Ku da hunturu ke lulluɓe Kano, ban san me za ka tono ba. Zare filogi tukuna, ka danne fiffiken da yatsa lokacin da kake hura iska don kada ya yi ta juyawa a banza. Na goge tsohon man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ya bushe kamar alli, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Na kuma leƙa shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid na sauya ƙaramar fankar baya mai milimita 80 da mai 120, don babba tana tura iska daidai da ita ba tare da ta wahalar da kanta ba.

Yanzu kwamfutar tana ɗaki, ni ma ina ɗaki. Ka buɗe taka ka ƙirga wayoyin, ka ɗauko min hoton sunan da ke rubuce a jikin madabod ɗin, zan gaya maka shafin da za ka shiga. In kuma wani cikin 'yan'uwa zai taho Umara, a ba shi ƙullin yaji da daddawa, namu ya ƙare tun bayan Babbar Sallah.

Ka gaishe min da Hajiya da kyau, ka ce ina roƙon addu'a. A shafa min kan yara.

Wassalam,
naka amini, daga Jidda.