Ayarin Babura: Idan Rai Ya Salwanta, Wuyan Wa Yake Hawa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan tafiyar babura a ayari. A nan Jos ba baƙon abu ba ne: rakiyar amarya, gangamin siyasa, yawon Sallah, rakiyar gawar abokin sana'a, ga kuma masu manyan babura da ke tasowa daga Abuja a ƙarshen mako, su bi ta Keffi da Akwanga su hau Hawan Kibo. Abin da ke ci mana rai shi ne yadda ake yi bayan an faɗi. Kafin jini ya bushe a kwalta ayari ya watse, an shigar da babura lungu, an goge hotuna daga waya. A bar yaro ɗaya a hannun 'yan sanda, a bar iyalin mamaci da "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Mun yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure, dokar ƙasa ma tana da nata lissafin, kuma lissafin bai tsaya a kan mai riƙe da kan babur kaɗai ba.

Shi matuƙi, Dokar Manyan Hanyoyin Tarayya ta 1971 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga wanda ya yi sanadin mutuwar wani ta tuƙin ganganci a hanyar Tarayya, kuma hanyoyin da suka fita daga Jos zuwa Bauchi da Zariya da Akwanga duk na Tarayya ne. Dokar Final Kod ta Arewa kuwa ta sanya mutuwar da ganganci ko sakaci ya jawo cikin kisan kai wanda ba a yanke wa hukuncin kisa, amma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Abu biyu mai gabatar da ƙara zai tabbatar: cewa tuƙin na ganganci ne, da cewa shi ne ya jawo mutuwar. Hujjojinsa su ne zanen wurin da 'yan sandan kula da hanya suka yi, rahoton jami'an duba lafiyar ababen hawa, VIO, a kan birki da taya, takardar likita, sai kuma bidiyon da abokan tafiya suka ɗauka da hannunsu suna ihu suna zuga.

Matasa da yawa sun ɗauka in babur ɗinka bai taɓa kowa ba ka kuɓuta. Ba haka ba ne. Wanda ya yanko gaban ɗan'uwansa har ya tilasta masa kaucewa ƙarƙashin tirela zai iya amsa tuhuma ko da ko fenti bai goge a mashin ɗinsa ba. Haka wanda ya haɗa tsere, ko ya sa kuɗi a kan wanda zai riga isa Mararrabar Jama'a: doka tana ɗaukar mai zugawa da mai taimakawa abokan laifi. Su ma waɗanda ke gicciya babur a mahaɗa su tsayar da motoci don ayari ya wuce su san cewa wannan ikon na 'yan sanda ne da jami'an hanya. In mota ta kwashi wani a mahaɗar da ka tare da kanka, da sunanka za a fara.

Shari'ar laifi daban, ƙarar neman diyya daban. Magadan mamaci suna da damar zuwa kotu su nemi a biya su asarar wanda ke ciyar da su, kuma lauyansu wanda zai iya biya yake nema. Mai babur ɗin da ya ba yaronsa aiki ko ya aike shi yana iya shiga ciki. Uban da ya miƙa makulli ga ɗan shekara 15 don ya raka amarya yana ciki, tunda lasisin babur, rukunin A, ba a ba wanda bai kai 18 ba. Wanda ya kira tafiyar, ya zaɓi hanya, ya tsayar da lokaci, ya karɓi kuɗin mai, shi ma alƙali zai iya tambayarsa: ka san hanyar? Ka ga wane ba shi da birkin gaba ka bar shi ya bi? Ka ga an sha abin sha ka yi shiru? Ƙungiyar da ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, CAC, tana da sunan kanta a gaban doka, ita ake kai ƙara. Wadda ba ta yi ba, shugabanninta da 'ya'yanta ake bi ɗaya bayan ɗaya, har gida. Takardar nan da wasu ƙungiyoyin manyan babura ke sa mutum ya sa wa hannu, wai kowa ya ɗauki alhakin kansa, ba ta hana 'yan sanda tuhuma, ba ta kuma ɗaure mai tallar da aka buge a gefen titi, don ita ba ta sa hannu a komai ba. A ɗaya ɓangaren, in aka tabbatar mamacin ma yana da nasa sakacin, kamar rashin hular kwano, kotu na iya rage abin da za a ba iyalansa. Kuma ƙarar irin wannan tana da wa'adi, magada su ga lauya da wuri.

Inshora ita ce wurin da aka fi yin asara a banza. Doka ta wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. A farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar daga 1 ga Janairun 2023, ta babur naira 3,000 ce a shekara, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan ɗaya, tana kuma ɗaukar rauni ko mutuwar wanda aka buge. Ba ta biyan matuƙin kansa, ba ta gyara masa babur. Takardun bogi sun yi yawa a hannun 'yan kamasho, don haka a duba lambar babur a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, kafin a yarda da takarda. A kuma karanta sharuɗɗan: yawancinsu sun cire tsere da gwajin gudu, sun kuma shardanta lasisi mai aiki.

A wajenmu Musulmi, aya ta 92 a Suratun Nisa'i a fili take: kisan kuskure yana da diyya da ake miƙa wa iyalan mamaci sai in sun yafe, yana da kaffara, wadda a yau ta koma azumin wata biyu a jere. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, kuma a fiƙihun Malikiyya dangin mai laifi ta wajen uba ne ke haɗa ta cikin shekara uku. Yafiya alheri ce, amma haƙƙin magada ce, ba a ƙwace ta da kunya a zaman makoki, musamman in akwai marayu ƙanana. Sulhun iyalai kuma ba ya rufe shari'ar laifi da kansa, hukuma ce ke da ikon ci gaba ko janyewa.

To, yaya ake tafiyar da ba za a kai ga wannan ba? Fataken da can ba su taɓa tashi babu madugu da jagaba ba. Ayarin babur ma haka yake so: jagaba a gaba, wanda ya san hanya kuma mai sanyin hannu, sai wani gogagge a can ƙarshe mai kora, wanda ba ya wuce kowa kuma shi ke tsayawa da duk wanda ya sami matsala. Sababbin hannu a sa su bayan jagaba, kada a bar su a wutsiya. Dalili kuwa shi ne ayari kamar roba yake: in na gaba ya ƙara wuta kaɗan bayan kwana, kowa sai ya jinkirta kafin ya lura, gibin yana ƙaruwa, na ƙarshe sai ya murɗa totur fiye da kowa don ya cim musu. Wanda ya fi kowa rashin ƙwarewa shi ke gudun da ya fi na kowa, kuma shi ke tarar da su sun taka birki.

A yi lissafi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani hannu ya kai ga birki daƙiƙa ɗaya ta wuce. Mai bin ɗan'uwansa da tazarar tsawon babur biyu, mita huɗu ke nan, ya riga ya hau kansa kafin ya taɓa birki. In gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa a miƙaƙƙiyar hanya ake jerin saɓi: na farko a ɓangaren hagu na layi, na biyu a dama da tazarar daƙiƙa ɗaya, na uku a bayan na farko da tazarar daƙiƙa biyu. A zaɓi turken lantarki, in na gabanka ya wuce shi ka ƙirga kafin ka iso. Ba a jerawa kafaɗa da kafaɗa, don rami ɗaya ya isa ya haɗa mutum biyu. A kwana, a gangara, a kan yashi ko cikin hazo, a koma layi ɗaya a ƙara tazara. Babura 20 a wannan tsari sun haura tsawon mita 300, babu direban da zai iya wuce su lafiya, sai ya kutsa tsakiya. A raba su biyar-biyar ko bakwai-bakwai, da wurin haɗuwa da kowa ya sani. Wuce tirela kuwa ɗaya-ɗaya ake yi, kowa da idonsa. Hanyar da ta buɗe wa jagaba ta riga ta rufe kafin na huɗu ya fito.

Hawan Kibo yana son magana ta musamman. Masu ƙananan babura suna da ɗabi'ar kashe inji ko sa firi a gangara don tsimin mai. Yin haka yana cire riƙon da inji ke yi, ya bar wa birki dukan nauyi. Birkin ganga in ya daɗe a matse zafi yake ɗauka, za ka ji ƙaurin ƙuna, ka ji feda tana nutsewa babu kamu, ga kwana a gabanka ga tanka a bayanka. A sauka da giya ta biyu ko ta uku, a riƙa taɓa birki ana saki. Kuma wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, shi ne kuma wanda aka fi bari da tsinkakkiyar waya wai yana kayar da mutum. Fizgarsa ce ke kayarwa, a matsa shi a hankali tare da na baya. A kwana kuma ido ya kalli mafita, don babur inda ka zuba wa ido yake zuwa. Mai kallon wanda ya faɗi, kansa yake nufa.

Kafin a tashi, minti goma sun isa a zagaya kowane babur. Iskar taya yadda kamfani ya rubuta, ba yadda mai faci ya ji da yatsa ba. Lambobi huɗun da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sarƙa ta yi lilon santimita biyu zuwa uku. Fitilar birki ta kama, don ita ce harshen da na bayanka ke ji. Mutum biyu a babur, ba uku ba. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta hular kwano, kuma binciken likitoci ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, raunin kai da kusan kashi 70. Amma a tsaya a Farin Gada ranar Asabar a kalli masu rakiyar biki: ga hula rataye a gwiwar hannu, ga wata a ka igiyarta na reto a ƙarƙashin haɓa. Wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita tashi.

In kuma an faɗi, mai kora ya fara tare hanya daga nesa, mita 50 ko fiye, ya fi haka in bayan kwana ne, don kada mota ta ƙarasa waɗanda ke kwance. A kira 122, layin Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko 112. Kada a fizge hular wanda ya ji rauni sai in ba ya numfashi, kada a ba shi ruwa, kada a naɗe shi a tsakanin mutum biyu a kan babur, domin karyewar wuya a irin wannan ɗauka take zama shanyewar jiki. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta, a ɗauke shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka ba a jiran takardar 'yan sanda kafin a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, ko asibitin da ya fi kusa. A ɗauki hoton wurin kafin a matsar da babura, a sanar da 'yan sanda da kamfanin inshora da wuri. Mun san tsoron a kama babur ko a faɗa hannun fusatattu ne ke sa wasu gudu. Wanda ya ji tsoron taro ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ya kai kansa.

Muna roƙon ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra na Filato da shugabannin ƙungiyoyin masu babura da masu unguwanni su zauna su tsayar da abu ɗaya: duk ayarin da zai tashi, na biki ne ko na siyasa, a rubuta sunan madugunsa, da sunan kowane matuƙi da lambar babur ɗinsa da lambar wayar wani nasa, a bar kwafi ɗaya a gida, ɗaya a aljihun mai kora.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da tuƙi da bakanikan babura,
Jos, Jihar Filato.