A kawo mana mastar ɗin koyar da kiɗa da waƙa nan Maradi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya kai da abokan aikinka, don Allah ka ɗan ba ni hili cikin jaridarka in yi magana bisa wani abu da ya shahe mu, mu malaman lakwal, musamman waɗanda Allah ya ɗora ma son waƙa. Kwanakin nan talla ta yi yawa a Facebook da guruf-guruf namu na WhatsApp, wai malami na iya yin mastar na koyar da kiɗa da waƙa ta intanet ba sai ya aje aikinshi ba, da rana kana gaban allo, da dare ka buɗe kwamfuta ka koma ɗalibi. Kuma abin akwai shi, ba duka ne damfara ba, don jami'ar Boston da jami'ar Florida can Amurka duk suna ba da irin wannan karatun daga nesa, dama don malaman da ke bakin aiki sunka tsara shi. Dabarar ta yi mini, wallahi ta yi. Matsalar ɗaya ce, riga ce da anka ɗinka da awon wani, mu in munka sa ta ba ta zama jikinmu.

Mu fara da wa ke koyar da waƙa a lakwal ɗinmu. A firamare mutum guda ne ke yin komi, kai ne na lissafi, kai ne na faransanci, kai ne na tarihi, sannan in lokacin waƙa ya zo kai ɗin ne dai. Yawancinmu ba mu san rubutun kiɗa ba, abin da munka riƙe shi ne waƙoƙin da namu malaman sunka rera mana muna yara, su ma haka sunka gada, har wasu kalmomin sun lalace a hanya ba wanda ya san mi suke nufi. Lokacin da anka canza taken ƙasa a 2023 na ga abin da idona, a lakwal ɗinmu dirakta ya tara mu ƙarƙashin dogon yaro bayan an tashi yara, ya ɗora wayarshi cikin ƙwarya don sautin ya ƙaru, muna ta saurare muna maimaitawa, wannan ya ɗauka sama wannan ya ɗauka ƙasa, ba wanda zai iya cewa ga daidai. Washegari kowa ya shiga ajinshi ya koyar da abin da kunnenshi ya kama, da anka haɗa yaran gaban tuta kuwa sai ka rantse taken ƙasa uku ake rerawa lokaci guda. Ba laifin kowa ba ne a cikinmu, horo ne babu.

To mi ake koyarwa cikin wannan mastar ɗin? Mutane na zaton goge ko piyano za a koya maka, a'a, an ɗauka ka riga ka iya. Abin da ake yi shi ne nazarin yadda yaro ke koyon waƙa daga ƙuruciya har ya girma, yadda ake tsara darasi na shekara guda, yadda za ka auna ko yaro ya ci gaba, tarihin fannin da ra'ayoyin masana, da yadda ake bincike, a ƙarshe ka rubuta kundi ko ka yi wani aiki bisa ajinka na gaske. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, don abin da ka karanta da dare gobe da safe za ka gwada shi bisa yaranka, wanda ya bar aiki ya tahi jami'a ya zauna shekara 2 bai da wannan damar.

Amma ka dubi ƙofar shiga. Galibi sai kana da lisans na kiɗa kafin ma su dubi takardunka, kuma sai ka ci jarrabawar turancin Ingilishi, mu kuwa da faransanci munka yi lakwal. Misalan da ke cikin darussan duk na lakwal ce mai ɗakin kiɗa na musamman, da piyano, da tarin ƙahonni da sarewar Turawa, da ƙungiyar mawaƙa, ni kuwa ajina yara sun yi yawa har wasu bisa tabarma suke zama, kayan kiɗana tafi ne da bayan bokiti. Sai lokaci, in anka sa haɗuwa kai tsaye ƙarfe 7 na yamma a Boston, nan Maradi 12 na dare ne, lokacin sanyi ma 1 na dare, ga shi ƙarfe 8 na safe sai kana cikin aji. Gaskiya darussa da yawa ana ajiye su ne ka kalla sanda ka samu sarari, to amma bidiyo ne, bidiyo kuwa mega yake sha kamar ba gobe, ga kuran da ke zuwa ya tahi, duk wanda ya zauna garin ga a 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta ya san mi nake nufi, ko yanzu ma watan Afrilu da Mayu in zafi ya tsananta sai ka bi ta wajen mai sharji kafin wayarka ta rayu. An ce Starlink ta shigo ƙasar, to madalla, amma malamin kwantaragi da ke jiran ƙarshen wata ba shi ne zai saye ta ba. Kuɗin karatun kuwa da dalar Amurka ne, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuma dubbai ne, ko hanyar biyan ma sai mai katin banki.

Abin da ya fi ci mini rai ba ma wannan ba ne. In ka jure duk wahalar nan ka shiga, cikin manyan sunayen da za a fara ambata maka akwai Zoltan Kodaly, mutumin Hungari, wanda shi da abokinshi Bela Bartok sunka dinga bin ƙauyuka a farkon ƙarni na 20 suna ɗaukar waƙoƙin manoma da tsoffin mata, daga baya ya ce yaro ya fara koyon kiɗa da muryarshi kuma da waƙoƙin gargajiya na harshen uwarshi kafin a kai shi ga na wasu, har UNESCO ta sa tsarin nashi cikin jerin kyawawan hanyoyin adana al'adu a 2016. Sai Carl Orff na Jamus, shi kuma ya ce a fara da magana da tafi da buga ƙafa da rawa da ganga, yaro ya ƙirƙira da kanshi. To Malam Edita, don girman Allah, wannan ba gaɗa ba ce? Ka tsaya bakin kowace lakwal lokacin hutun ƙarfe 10 ka kalli 'yan mata, sun yi da'ira, ɗaya na bayarwa sauran na amshi, tafi na tahiya daidai ba mai kuskure, ta tsakiya ta faɗo da baya su cafe ta su cilla ta sama daidai inda amshin ya faɗi, in wata ta makara da tafi ko da ƙiftawar ido ne sauran sun ji, sun harare ta. Ba wanda ya koya musu wannan cikin aji. Mu kuwa da an kaɗa ƙararrawa sai mu ce su yi shiru, mu shiga da su mu rera musu waƙar wata gada ko wani kogi na Faransa da ko mu malaman ba mu taɓa gani ba. Wato za mu biya dubban daloli ne a gaya mana da Ingilishi cewa mu koma wajen kakanninmu.

Kuma akwai abin da farfesan Boston ba zai iya koya mini ba ko da ya so. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai hawa akwai sauka akwai faɗuwa, ga dogon wasali ga gajere, shi ya sa mai kalangu ke matsa tsarkiya ya sassauta har kalangun ya kira sunan mutum ya yi mishi kirari kowa ya gane. Wannan na nufin ba kowane kari ne za ka ɗora ma kalmomin Hausa ba, in ka ɗauko karin waƙar Turawa ka cusa mishi Hausa sai maganar ta karye, yara su rera amma ba su ji ta a ransu ba. Duk malamin da ya taɓa gwada fassara waƙar lakwal zuwa Hausa ya ci karo da wannan. Wa ya san sirrin abin? Makaɗan fadar Maradi da na Tibiri, masu kakaki da algaita da tambari, makaɗan kokowa da ke tada hilin Kantu in ana gasar takobi, matan da ke kiɗan ƙwarya da shantu gidan biki, tsoffin da ke riƙe da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, waɗanda injin niƙa ya riga ya kashe rabinsu. Waɗannan su ne malaman fannin, kuma kullum raguwa suke.

Ba mu rasa abin koyi ba a gida. Marigayi Malam Maman Barka malamin lakwal ne kamar mu kafin duniya ta san shi da gurumi, kuma shi ne ya tahi har yankin tafkin Chadi ya zauna wajen wani tsohon makaɗi na ƙabilar Buduma ya koyi biram lokacin da kayan kiɗan ke gab da ɓacewa, ya fito da shi har Turai. Ya rasu a 2018. Abin da ya yi ɗin nan ai shi ne binciken da ake ba mutum mastar a kanshi. Ga kuma cibiyar horar da makaɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989, da tarin kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan a ajiye. Sai dai Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, mace mai aji da miji da ɗiya ba ta iya kwashe kaya ta tahi can shekara 2, malamin da anka tura wani ƙauye bayan Dakoro ko Mayahi balle shi.

Shi ya sa nake kira ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maradi da ma'aikatun da abin ya shafa, su haɗa kai da cibiyar Taya da babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdu Mumuni, su buɗe mana namu karatun daga nesa. Ba sabon abu ba ne a yankinmu, Senegal ta buɗe jami'arta ta intanet tun 2013, har da ɗakunan da ta gina a garuruwa inda ɗalibi zai je ya samu kwamfuta da rezo. Namu a yi shi daidai ƙarfinmu, darasi ya zamo murya ce da ɗan rubutu wanda waya ƙarama za ta iya saukewa, tunda dama fannin na kunne ne, malami ya ɗauki muryar yaranshi suna rerawa ya tura a saurara a gyara mishi, lokacin babban hutu kuma a tara mu nan Maradi sati biyu ko uku a yi abin da ba ya yiwuwa ta waya, riƙon gurumi, bugun kalangu, karanta rubutun kiɗa. A kawo makaɗan nan su koyar, kuma a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami, kar a sallame su da goro da na gode. Kundin kowane ɗalibi ya zamo waƙoƙin garin da yake aiki, ya tattara, ya rubuta, ya nuna yadda za a koyar da su a CE1 ko CM2, wato aji uku ko aji shida na firamare, wanda ke cikin Fulani ya kawo na Fulatanci, wanda ke cikin Buzaye ya kawo na Tamajak. Tunda kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to ga inda za a fara nuna da gaske ake. Kuma kar a fara da mastar kai tsaye, mafi yawanmu da birbe ko bak munka shiga aikin nan, a sa mana matakala, takardar shaida tukuna, sannan lisans, sannan mastar.

Na san a Maradi nake, na san akwai iyayen da da sun ji kalmar kiɗa sai ransu ya ɓaci, wani don addini, wani don yana ganin roƙo za a koya ma ɗanshi. Wani uba ya taɓa zuwa har bakin ajina ya ce Madan, ni karatu na kawo shi ba maroƙi nake so ya zama ba. Ban yi gardama da shi ba, na ce Baba ka zauna ka ji, yaran sunka rera mishi jadawalin sau bakwai da waƙar wanke hannu, ya yi shiru ya tahi, bai ce ya yarda ba amma bai cire yaron ba. Ni ba malamar addini ba ce, hukunci na malamai ne, amma ko a makarantar allo da Islamiyya da rerawa yara ke haddace ƙasidu, kuma malamin da ya samu horo shi ne zai san wace waƙa ta dace da aji wace ce ba ta dace ba, ya fi wanda zai kunna ma yara duk abin da ya tarar a TikTok.

Ga 'yan uwana malamai da tallan nan ta fara ja, kafin ka saida gonarka ko ki saida awakinki, a je a tambaya tukuna ko ma'aikata za ta amince da takardar, ko tana cikin waɗanda CAMES, hukumar ƙasashen Afirka da ke tantance takardun jami'a, ta sani, ko za ta sa a ƙara maka matsayi da albashi, kuma a samu amsar a rubuce. Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilinka na Maradi ya je jami'a da ofishin ilimi na jiha ya tambaye su ko akwai wani shiri irin wanga a ƙasa, ya buga mana amsar da sunka ba shi, in ana neman sunayen masu so a fara da nawa.

Na gode, Allah ya ƙara ma jaridarka albarka.

Taku,
Wata malamar firamare,
Unguwar Zariya, Maradi