Kada ka faɗa wa Baba tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Na san ka cika ka batse. Wata biyar ba kira ba saƙo, kana da gaskiya, amma ka riƙe zagin sai ka kai ƙarshen takarda. Ya jikin Hajiya? Ya amarya, ko har yanzu kai ne a bakin murhu?

Ga abin da ya sa nake gudun wayarka: na jingine zancen digiri. Tun watan Agusta na shiga kwalejin koyon sana'a ta nan garin Milwaukee, a jihar Wisconsin ta Amurka, Milwaukee Area Technical College, kowa MATC yake ce mata. Karatun shekara biyu ne. Gyaran firji da AC da na'urar ɗumama gida nake koyo. To, yi dariyarka ka ƙoshi. Ni da na addabi mai gyaran firjin bakin layinmu da tsokana, yau ga ni rungume da tulun gas. Kuma a garin da ƙanƙara ke rufe mota har gilashi! Allah ya saka masa tun a duniya.

Damuwata Baba. Ka san ya gama shelanta wa majalisa cewa ɗansa injiniya zai dawo. Ta ina zan fara? Kuɗin jami'a ya fi ƙarfina, shi ke nan gaskiyar, kuma ina aikin dare a sito. Nan kuwa akwai ajin yamma, abokan karatuna har da mai furfura da jikoki.

Abin da ya ɗan kwantar min da hankali tarihin makarantar ne. A 1911 jihar Wisconsin ta yi doka cewa duk garin da ya kai mutum 5,000 sai ya buɗe makaranta don yaran da suka bar aji suka kama aiki, 'yan shekara 14 zuwa 16, kuma dole maigida ya sake su wasu awanni a mako su je su yi karatu. A 1912 wani Robert Cooley ya buɗe ta Milwaukee. Wato asalinta makarantar yaran masana'anta ce, irin yaran garejin da muke wucewa kullum ba ma ko kallonsu. Ka ƙaddara a ce wa ogan garejinku ya saki yaransa ran Talata su tafi aji, ai sai ya jefe ka da sifana. Sunan da take amsawa yanzu sai a 1969 ta same shi. Har gidan talabijin gare ta, tashar 10, tun 1957.

Harabobi huɗu ne, kuma nan na fara kwafsawa. Ranar farko na ci kwalliya na nufi ta tsakiyar gari, ina ta zagaye benaye ina neman aji, ashe nawa yana Oak Creek, can kudu. Laifina ne, ban karanta takardar da kyau ba. Kafin bas ta kai ni an kusa tashi. A can ne ake horar da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ranar na ga masu kaki na ɗauka wani abu ya faru. Ta Mequon tana arewa, fili fetal, can masu koyon shuke-shuke suke. Ta West Allis ban taɓa shiga ba. Ta tsakiyar garin kuma dab take da filin ƙwallon kwando na Bucks, inda Giannis, ɗan 'yan Najeriyar nan da kake ta iƙirarin ɗan'uwanka ne, ya ɗaga kofi a 2021.

Af, da gaske ne autan gidan mai unguwa ya fito takarar kansila? Wanda ya ci mana kuɗin ƙwallo? Ka turo min fastar don Allah.

Ka tuna yadda mai gyaran firjin layin namu ke huda bututu gas ya fita fuu, mu ja baya muna toshe hanci? Nan laifi ne, doka ta hana. Sai ka ɗaura na'ura ta zuƙe gas ɗin cikin tulu, ka ɗora a sikeli ka rubuta nauyinsa. Sai ma ka ci wata jarrabawa ta gwamnatin tarayya kafin a yarda ka taɓa shi. Makon jiya na yi waldar bututun tagulla, malam ya sa matsi ya bar shi ya kwana, da safe allurar ma'aunin matsin ba ta motsa ba, wato ba ya yoyo. Wallahi na fi jin daɗin wannan allurar a kan sakamakon WAEC ɗina, ko da yake ka san wancan ba abin fahari ba ne.

Abin da nake so da kai: in ka je gaishe da Baba, ka ɗan jefa zancen yadda masu sana'ar hannu ke samu a Amurka, ka ga fuskarsa. Kada ka ambaci firji. Kada kuma amarya ta ji, don ƙawar ƙanwata ce, kafin la'asar ya zaga dangi.

Akwai abin da ka tambaye ni a saƙonka na ƙarshe, na fili ne ko na bashin nan? Ya shige min, sake turowa. In ka samu mai tahowa, yajin ƙuli da kilishi, kodayake kilishin a filin jirgi za su ƙwace, bar shi, yajin kawai.

Naka,
mai gyaran firji