Mai shirin nutso a teku, ka fara da wadda za ka bari a gaɓa

Assalamu alaikum Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwanmu na nan Sakkwato da suka fara sha'awar nutso a teku da silindar iska a baya, musamman magidanta masu niyyar tafiya da iyali wadda ba ta shiga ruwa. Abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya shi ne maigida ya zaɓi wuri don kyan ƙarƙashin ruwansa kaɗai, ya biya otal, sai an isa a tarar ita ba ta da abin yi sai kallon bango. Shawarata a fara neman inda wadda ba ta nutso za ta ji daɗin zama, sannan a nemi wurin nutso a kusa. In matar ce mai nutson, maganar ba ta canza ba.

A duba yadda yinin yake tafiya. Jirgin ruwa yakan tashi wajen ƙarfe 8 na safe. Ana nutso sau biyu, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya, da hutun kusan awa ɗaya a tsakani, ga zuwa ga dawowa. Kafin a ɗauraye kaya a koma masauki azahar ta yi, wani lokaci har ta gota. Awa biyu a ƙarƙashin ruwa ke nan ta cinye rabin yini, kuma mai nutso yakan dawo da yunwa da barci. A hutun mako guda, safiya uku ko huɗu sun isa. Masu shagon nutso za su nuna maka ragi in ka biya na kwana shida a dunƙule. Kada ragin ya ruɗe ka. Shi kuwa jirgin da ake kwana a cikinsa mako guda a tsakiyar teku, ana nutso sau uku ko huɗu a rana, ba wurin kai wadda ba ta nutso ba ne ko kusa.

Zanzibar, tsibirin ƙasar Tanzaniya, ta dace da mutanenmu: yawancin mazauna Musulmi ne, masallaci da abincin halal ba abin nema ba ne. Wurin nutson da ya fi suna yana kewayen ɗan tsibirin Mnemba, daura da Matemwe. Sai dai a gabashin Zanzibar, irin su Paje da Jambiyani, teku kan janye can nesa sau biyu a rana, mai son tsoma ƙafa sai ta jira ya dawo. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ruwan ba ya guduwa haka. Akwai tsohon garin Zanzibar da kasuwanninsa, da gonakin kanumfari da kirfa, da dajin Jozani mai jajayen birai. Matsalar ita ce babbar daminarsu tana faɗowa daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da zafin bazara ke sa Basakkwace tunanin gudu. Mai son fita a waɗannan watanni gara ya duba Bahar Maliya ta ɓangaren Masar. A garin Dahab yawanci daga gaɓa ake shiga ruwa da ƙafa, ba sai da jirgi ba, uwargida tana zaune a rumfa da shayinta tana ganin shigarka da fitowarka. A Janairu da Fabrairu ruwan can yakan sauka wajen digiri 21 zuwa 22, sai da rigar roba mai kaurin milimita 5, alhali a Zanzibar mai 3 ta wadatar. Wanda ya zaɓi Maldibis, ƙasar tsibirai a tekun Indiya, ya sani tsibirin otal ƙarami ne, ana zagaye shi da ƙafa cikin mintoci; tun 2009 an halatta masaukin baƙi a tsibiran da jama'a ke zaune, irin Maafushi, inda ba a sayar da giya kuma akwai masallaci da kasuwa.

Takardu kuwa, a samu biza a hannu kafin a biya otal ɗin da ba ya mayar da kuɗi. Ta Tanzaniya ba a ba ɗan Nijeriya a filin jirgi, kuma takan ɗauki makonni. Katin rigakafin cutar shawara sai bayan kwana 10 da allurar yake fara aiki. In tafiyar ta faɗo cikin hunturu, a isa Kano ko Abuja da kwana ɗaya kafin jirgin waje, domin hazo ya saba hana jirgi sauka a filin Sultan Abubakar na Uku. A kuma kauce wa watan azumi, don ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin nutso.

Akwai takardar tambayoyin lafiya da kowane shagon nutso ke bayarwa, kuma mutane na cike ta da a'a daga sama har ƙasa don kada a hana su. Wannan ganganci ne. Mai sikila, wato SS, ba ya nutso. Mai AS ya fara ganin likita. Haka mai asma, ciwon zuciya, hawan jini, suga ko farfaɗiya. Mai juna biyu ba ta nutso sam. Ko mura ta isa a fasa na ranar, domin kunnen da ya toshe ba ya daidaita matsi, dodon kunne na iya fashewa. A faɗa wa likita za a yi nutso kafin ya rubuta maganin rigakafin maleriya, saboda irin wanda ake kira meflokwin na kawo jiri da za a iya ɗauka ciwon nutso ne, wato ciwon da kumfar iska a jini ke jawowa bayan nutso. Ga wani ƙaramin abu da ke damun mazan nan: gemu ba ya hana komai, amma gashin baki yana hana tabarau na ruwa kama fata, ruwa ya yi ta tsiyaya ciki. A ɗan rage layin da ke ƙarƙashin hanci kafin a shiga.

Wanda ya tashi yana nutso a gulbin Rima, ko ya saba kallon masunta a Matan Fada ta Argungu, ya zo da al'adar riƙe numfashi, kuma da silinda ita ce mafi haɗari. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, iskar da aka shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu kafin a iso sama. In an riƙe ta, huhu ne zai yage. Shi ya sa sai da horo. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke ba da shaidar horon nutso, yana cin kwana uku zuwa huɗu, sai ka yi iyon mita 200 ka kuma yi minti 10 a kan ruwa ba ka dafa komai ba, iyakarka bayan nan mita 18. Karatun littafin ana iya gama shi ta intanet tun daga gida, a rage zaman da iyali za ta yi ita kaɗai.

Ita ma kada a matsa mata. In tana so, ta fara da leƙen kifi daga saman ruwa da tabarau da bututun numfashi, sanye da rigar ceto da doguwar suturar iyo, a wuri marar zurfi. Akwai jirage masu gilashi a ƙasa. Akwai kuma nutson gwaji na yini ɗaya da bai wuce mita 12 ba, tare da mai koyarwa. A tambaya tun kafin a biya ko suna da mace. In za ta bi jirgin, ta sha maganin tashin zuciya awa ɗaya kafin a tashi, ba bayan amai ya fara ba, a kuma tabbatar jirgin yana da inuwa da bayi.

Ranar ƙarshe ba ta nutso ba ce. Naitrojin da jiki ya sha a ƙasa yana buƙatar lokaci ya fita. In matsi ya ragu da sauri sai ya yi kumfa a jini kamar kwalbar lemo da aka buɗe da garaje. Ƙa'idar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce aƙalla awa 12 kafin hawa jirgin sama bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, kuma masu hankali kan cika 24. Hawa tudu a mota ma haka yake. Ziyarar Ɗuri Sinina daga Dahab, dutse mai tsawon mita 2,285, ko hawa Ɗa'ifa ga wanda ya haɗa Umara da nutso a Jidda, a yi su kafin a fara nutso ko bayan cikar awannin.

Daga ƙarshe, uwargida ce za ta fara ganin abin da kai za ka raina. Ta san alamun ciwon nutso: ciwon gaɓoɓi, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, jin kamar ana tsira allura a ƙafa ko hannu, jan tabo a fata, jiri, gajiyar da ta wuce misali, wahalar fitsari. Yawanci sukan bayyana cikin awannin farko bayan fitowa. In ta gani, ta kwantar da kai, ta kira shagon nutso a kawo oksijin zalla, a wuce asibiti ko da ka ce ka ji sauƙi, kuma kada ta yarda a mayar da kai ruwa da sunan magani. Lambar shagon, da ta ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake jinyar ciwon nutso, da ta inshorar da ta ambaci nutso ɓaro-ɓaro, domin inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukarsa, su kasance a cikin wayarta da kuma a rubuce a takarda cikin jakarta.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Sakkwato