Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gandun West Coast na Afirka ta Kudu

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gandun dajin West Coast, da hukumar SANParks mai kula da shi,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ni da maiɗakina da yaranmu biyu mun kawo muku ziyara a farkon watan Satumba, muka tafi da bashin godiya a wuyanmu. Shi na zo biya, a bainar jama'a.

Tun da asuba muka baro Cape Town ta hanyar R27, tafiyar kilomita 100 da 'yan kai, don ni a wurina da sanyin safiya ake kama fara. Muka tarar da gari a lumshe, ga hazo. Baiwar Allah da ke karɓar kuɗin shiga ta tambaye mu abin da muka zo gani, muka ce furanni. Sai ta yi murmushi ta ce ai ba su farka ba tukuna. Ashe irin furannin nan ba sa buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, kuma rana suke fuskanta, don haka mai son ganin launinsu sai ya sa rana a bayansa. Ta ba mu shawara mu fara ta Geelbek, wurin kallon tsuntsaye a cikin gandun.

Ba don ita ba, da mun zagaya fili mai kore kawai mun koma gida muna cewa an zuzuta abin.

A Geelbek muka bi gadar katako zuwa rumfar kallon tsuntsaye a bakin tafkin Langebaan, wanda aka sa cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 1988. Filamingo kam ga su nan tsaye cikin ruwa. Amma abin da ya tsaya min a rai wasu 'yan ƙananan tsuntsaye ne masu tsattsagar laka, waɗanda ma'aikacinku ya ce daga Saiberiya suke tasowa duk shekara. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba! Nan kuma yara suka ga kwafin sawun ƙafar ɗan adam da aka gano a Kraalbaai, a gaɓar tafkin, a 1995, wanda masana suka ƙiyasta ya kai shekara 117,000.

Wajen azahar muka shiga Postberg, ɓangaren gandun da ya yi suna da furanni. Fari, rawaya, ruwan goro da shunayya, daga ƙafar mota har gindin duwatsu, kamar an shanya atamfofi. Ga jakunan dawa da jiminu da wani ƙaton dangin gwanki mai suna iland suna kiwo a tsakiya, ko a jikinsu. Da farko na yi gunaguni da na ji cewa a Agusta da Satumba kaɗai kuke buɗe wannan ɓangaren. Da na gani da idona sai na janye maganata, don wuri irin wannan ba zai jure ƙafafu da tayoyi wata goma sha biyu ba. Ƙaramar 'yata ta miƙa hannu za ta tsinki fure, wani mai gadinku ya durƙusa daidai tsayinta ya nuna mata ƙudan zuma a ciki, har ta manta da tsinka. Ko tsawa bai yi mata ba.

Bakin teku kuwa iri biyu muka samu. A Kraalbaai ruwan tafki ne mai ɗumi marar zurfi, da ƙyar muka fito da yara. A Tsaarsbank, inda Atlantika ke dukan duwatsu, yatsa ɗaya na tsoma na janye, saboda sanyin igiyar ruwan teku ta Benguela ba na wasa ba ne. A hanyar fita motoci huɗu muka tsaya cak har wani kunkuru ya gama tsallaka titi, ba wanda ya danna ham.

Roƙona ɗaya ne. Ban tambayi sunan baiwar Allah ta bakin ƙofa ba, kuma da muka fito an canja ta. Don Allah ku gaya mata mun jira rana kamar yadda ta ce, furannin kuma sun farka.

Naku,
Wani baƙo da iyalinsa