A duba gindin allunan talla kafin iskar farkon damina

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi abin da ke tayar mini da hankali duk lokacin da hadari ya haɗo daga gabas. Ni mai walda ne a Zariya, shekarata 22 a sana'ar, kuma rabin abincina daga allunan makarantu, shaguna, asibitoci da na 'yan siyasa yake fitowa.

A farkon daminar bara, allon wata makarantar kuɗi da ke kan hanyata ta zuwa shago ya kifo kan teburin mai shayi. Allah ya tsare, da ƙura ta taso shi da masu shan shayin sun ruga cikin wani shago, sai benci da tukunya ne suka tafi. Washegari na faka babur na duba. Allon lafiyarsa ƙalau, rubutun ko ƙwarzane bai yi ba. Ƙafafun biyu ne suka tumɓuke, kowace da ɗan dunƙulen kankare a gindi kamar kan doya. Na zaro tef na auna: allo mai ƙafa 12 a ƙafa 8, an ɗaga shi ƙafa 7 daga ƙasa, amma abin da aka binne bai wuce ƙafa ɗaya da rabi ba. Jikina ya yi sanyi, domin ɗaliban makarantar a ƙarƙashinsa suke jiran Keke Napep kullum.

Mutane suna ɗauka nauyin allo ne matsala. A'a, faɗinsa ne. Wani injiniya da muka taɓa aiki tare ya yi mini lissafi a bayan takardar siminti, ban manta ba har yau. Iskar da ke gudun kilomita 100 a awa, idan ta bugi allo mai wannan girma, turin da take yi ya kai nauyin buhun siminti goma. Kuma idan gudunta ya ninka biyu, turin ninki huɗu yake yi. Wannan ƙarfi a can sama yake kama allon, ƙafafun su zama kamar ƙotar da ake ɓanɓaro dutse da ita, duk wahalar ta sauko kan gindi.

Shi ya sa ni, allo irin wannan, ba na yarda da ramin da ya gaza ƙafa 5, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito sama. In ƙasar jigawa ce ko bakin kwata, sai na ƙara. Kankaren kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a cika ramin taf, a ɗan tudunta shi a wuyan faif don kada ruwa ya kwanta. A wannan wuyan ne tsatsa ke cin ƙarfe, musamman inda ake tsugunawa fitsari a gindin allo. Faif ɗin ya zama mai kauri, inci 6, ko inci 4 da tokara biyu ta baya. A toshe bakinsa na sama, in ba haka ba ruwan sama ya taru a ciki ya cinye shi ta inda ido ba ya gani.

To a nan ne ake samun saɓani da masu ba da aiki. Mutum zai zauna awa guda yana zaɓen kala da girman hotonsa, bai ce a rage ko sisi ba. Da an zo kan siminti da faif sai ya ce, "Haba Oga, allo ne fa, ba bene ba." Na sha ce wa irinsu, "Alhaji, abin da kake so a rage shi ne ke riƙe da sauran." Wasu su gane, wasu su miƙe su tafi wurin wanda zai yi da rabin kuɗin. Ba na wanke 'yan uwana masu walda. Wanda ya karɓi aikin alhali ya san ba zai tsaya ba, ya ci amana, ko da yunwa ce ta sa shi.

Sai maganar ɗaure allon a jikin ƙafafun. Langalanga ko leda ba su da ƙarfin kansu, sai an yi musu firam na ƙarfen angul, da haƙarƙari a tsakiya duk bayan ƙafa biyu. Kunnuwan ƙarfen da za su riƙe firam ɗin, a ƙasa nake walda su, inda zan zauna in cika waldar sosai. Waldar da aka ɗosana a kan tsani, da janareto mai shaƙewa, ba abin dogaro ba ce. A sama noti da bol ne kawai, masu ratsawa su fita ta ɗaya gefen, da washa gaba da baya, da noti biyu don kada girgiza ta kwance su. Washa ba ado ba ce. Iska tana turawa ta gaba, tana kuma fizga ta baya, in babu washa sai kan bol ya yaga langalangar ya fice, faifan ƙarfe ya tashi sama kamar wuƙa.

Gaggawa ma tana kashe aiki. Kankare na buƙatar aƙalla kwana 7 ana ba shi ruwa kafin a ɗora masa kaya, cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Amma lokacin kamfe za a haƙa rami da safe, a ce kafin la'asar allo ya hau domin mai gida zai wuce. Yawancin waɗannan allunan da rani ake kafa su, ba su gamu da iskar gaske ba sai Mayu ko Yuni, lokacin an gama zaɓe, masu su sun manta da su. Ga zaɓen 2027 na tafe.

Jihar Legas ta kafa hukumar kula da alluna, LASAA, tun 2006. Mu ma a nan Arewa ana karɓar kuɗin izinin kafa allo. Roƙona ga masu karɓar shi ne, su turo wanda zai leƙa ramin kafin a zuba kankare, ya kuma ɗaga kai ya ga nisan allon da wayar wuta. A wajabta rubuta sunan mai waldar da lambarsa a bayan kowane allo. Ni na daɗe ina rubuta nawa da jan fenti, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Masu makarantu da shaguna kuwa, a watan Afrilu ku je ku kama ƙafar allonku da hannu biyu ku jijjiga. In ta motsa, ko kuka ga ƙasa ta tsage a kewayen kankaren, ko tsatsa na ɓarewa a wuyan faif, ku kira mai walda a ranar. Mai shayin nan ya mayar da teburinsa tsallaken titi, allon kuma an sake kafa shi a ramukan nan biyu na da.

Naku,
Mai walda, Sabon Gari, Zariya